Wushiryata a Shafi na Tara

Ranar Litinin ce da hantsi, ina kan keken ɗinki, na zare allura daga hannun rigar wata mata na kai baki zan saƙale ta inda na saba, sai ta faɗi ƙasa. Na ɗauka na sake kaiwa, ta sake faɗuwa. Shekara ashirin da biyu ina ɗinki, allura ba ta taɓa faɗo min daga baki ba, domin Allah Ya yi min wushirya daidai wurin zamanta. Na kai harshe na lasa. Haƙorana biyu na sama sun haɗe kam, kamar an liƙe su da gam.

Na tashi na je gaban madubin da mata ke gwada kaya, na yage baki har kunne. Haƙora reras, farare, a jere kamar na hoton tallar man goge baki. Wata da ta samu haka kyauta da sai ta yi rawa. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, saboda na san aikin da wushiryar nan take yi a gidanmu, kuma nan take na san wanda ya ɗauke ta.

Mama tana tare da mu, a ɗakin da ke kusa da kicin. Shekara uku ke nan da ƙwaƙwalwarta ta fara zubar da kaya. Ta manta sunan babanmu, ta manta yayyena, wani lokaci har hanyar banɗaki sai an nuna mata. Mijina, wanda shekara goma sha biyar yake durƙusawa yana gaishe ta, ta yanke masa hukuncin cewa mai karanta mitar lantarki ne, saboda fensirin da yake maƙalewa a kunne. Kullum sai ta yi masa ƙorafin wuta, shi kuma ya ba ta haƙuri ya ce za a gyara. Mutum ɗaya ya rage mata a duniya, ni. Ni ɗin ma ba da fuska take gane ni ba. In na shiga da shayi da burodi, sai ta ƙanƙance ido ta ce, "Wace ce? Yi dariya in gani."

Sai in yi.

"Au, Auta ce. Ke da wushiryarki ta gado. Amma fa ba ki kamo ƙafar ta Inna ba. Ta Inna, fensir yana shiga ya juya."

Inna ita ce mahaifiyarta, ta rasu tun ban iya tafiya ba. Kullum sai na sha wannan gorin, da safe da rana da yamma, sannan Mama ta buɗe baki ta karɓi abinci da magani. Daga hannuna kaɗai. Na kowa ba ta karɓa, ta ce ita ba a yi mata tarbiyyar cin abin hannun baƙo ba.

Shi kuwa mijina marubuci ne. Labari mai ci gaba yake rubutawa a wata mujalla da ke fitowa duk Litinin, a shafi na tara. Mutumin kirki ne, ban taɓa cewa ba shi ba ne, amma irin mutanen kirkin nan da za su ga tukunya na ƙonewa su tsaya suna neman kalmar da ta dace da warin. Wata huɗu da suka wuce edita ya kira shi a waya ya ce masu karatu suna kuka, ba sa bambance mutanen labarinsa. Wai duk fuskarsu ɗaya kamar ƙwai a kiret. Ya ce kowane mutum a labari sai an liƙa masa abu ɗaya a fuska wanda mai karatu zai riƙe shi da shi, ko hanci, ko gira, ko tabo.

Malam, wato mijin nawa, ya ɗauki shawarar nan da hannu biyu. Ya ja kujera bakin taga, ya sa tabarau, ya shiga kallon duk wanda ya gifta a layinmu kamar mai zaɓen tumatir.

Da mai askin layinmu Malam ya fara. Yana da tawadar Allah a kumatun hagu, kamar ƙwayar wake, da gashi uku a kanta. Malam ya ɗora wa mugun labarinsa ita. Ranar da mujalla ta fito, mai aski ya wayi gari kumatunsa sumul. Bayan sati guda, mai kemis ta ƙarshen layi, wadda girarta suke a haɗe tun haihuwa, ta ga sun rabu sun ba juna hanya. Direban motar makaranta da hancinsa ya karkace tun wani dambe da ya yi yana saurayi, ya tashi da hanci miƙaƙƙe. Shi har sadaka ya yi. Mai aski ne ya shiga uku, domin mutane sai su leƙo shagon su ce, "Mai shagon ba ya nan?" su wuce, yana tsaye da almakashi a hannu.

Sai aka yi sa'a mugun labarin ya faɗo daga bene ya mutu. A Litinin ɗin, tawadar ta dawo kumatun mai aski. Sai dai ba yadda ta tafi ta dawo ba, yadda Malam ya rubuta ta ta dawo, shi kuma hannunsa ba ya rubutu ba tare da ƙarin gishiri ba. Ta dawo da faɗin murfin kwalba, da gashi bakwai. Ni da Malam kaɗai muka gane abin da ke faruwa, kuma Allah Ya yafe min, har da riƙe ciki na yi dariya. Na ce masa ya daina, ya ce ya daina.

To yau ga ni gaban madubi ba wushirya. Na bar rigar matar nan a kan keke, na shiga ɗakinsa. Mujallar tana kan tebur, ko ninki ba ta yi ba. Na buɗe shafi na tara. Sabuwar jaruma ce ta shigo labarin, wata alƙaliya mai kaifin baki. Na karanta da ƙarfi don ya ji da kyau.

"Ta yi murmushi, sai wushiryarta ta bayyana, mai faɗin da fensir zai shiga ya juya."

Malam ya ɗago daga kwamfutarsa, wadda harafin "k" ɗinta ya fita sai da tsinke ake danna shi. Na yage masa baki. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Innalillahi," ya ce. "Auta, wallahi na ɗauka na gida ba ya tafiya."

"Wa ya gaya maka?"

"Ba wanda ya gaya min. Na ga dai ai tana nan kusa, in ta tafi ina za ta je?"

"Shafi na tara za ta je, Malam! Ga ta nan kowa yana kallo."

"Saurare ni. Sati biyu ina neman abin da zan sa wa matar nan. Na kalli fuskar duk wanda ya wuce, ban ga abin da ya kai wushiryarki ba. Don ina son ta na saka."

"Da ka so, da kunnuwanka ka saka. Har da maganar fensirin Mama ka kwasa, ko kunya babu. Yanzu da rana wa zai ba ta abinci?"

Wannan tambayar ba ta taɓa zuwa masa ba, na gani a fuskarsa, kuma wannan ya fi komai ƙona min rai.

Da azahar na zuba shinkafa da miya, na ɗauki ƙwayoyin maganinta biyu, na tsaya a ƙofar ɗakin Mama ina addu'ar yau ta manta da tambayar. Matar da ta manta sunan mijinta ba ta manta ba.

"Wace ce? Yi dariya in gani."

Na yi. Ta daɗe tana kallon bakina. Sannan ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta yi min irin murmushin da take yi wa baƙi.

"Sannu, baiwar Allah. Auta kike nema? Ta ɗan fita. Zauna, yanzu za ta dawo."

"Mama, ni ce Auta."

"Allah sarki," ta ce. "Kowa da tasa lalurar. Ajiye kwanon can, 'yar nan, na gode."

Na ajiye, na fito, na shiga kicin na kunna famfo don kada ta ji kukana.

Washegari na ɗauki kwalli na ja baƙin layi a tsakanin haƙoran. A madubi ya yi kyau, har Malam ya ce ko shi ba zai gane ba. Mama ta duba ta ce, "Baiwar Allah, wani abu ya maƙale miki a haƙori," ta miƙo min tsinke. Daga nan na wuce wurin likitan haƙori na ce ya buɗe min wushirya. Ya ce shekararsa goma sha takwas yana rufe su, yau ga mai neman a buɗe. Ya sa injinsa ya goge, ya ba ni madubi, ga ta nan tsaf. Kafin in sauka daga benen asibitin na ji haƙoran suna matsowa, ina isa bakin titi suka haɗe. Na koma ya sake, suka sake haɗewa. A karo na uku ya ce in tafi gida don Allah, injinsa ya yi zafi.

Dabara ɗaya ce ta ɗan yi aiki. In na ce, "Auta ce ta bar miki wannan kafin ta fita," sai Mama ta gutsiri burodi sau biyu, ta naɗe sauran a gefen zani ta ce sai Auta ta dawo su ci tare. Magani kuwa ko kallonsa ba ta yi. Ta ja kujerarta ta fuskanci ƙofa.

Ranar Laraba na sa Malam a gaba muka tafi ofishin mujallar. Yana hawa na uku a wani tsohon gini, sama da shagon masu gyaran firji. A matakala ɗaurin tsofaffin mujallu ne jibge har sai ka bi ta gefe. A ciki fanka ɗaya ce ke juyawa tana kaɗa takardu, kowace takarda an danne ta da abin da ya samu, wata da kofi, wata da takalmi ƙafa ɗaya. Malam bai taɓa zuwa ba, ta kwamfuta yake tura aikinsa.

Da na ga editan sai da na ja baya. Yana da ido biyu, da hanci, da baki, ba abin da ya ɓace. Amma in ka kau da kai ka sake dubawa, sai ka rantse wani ne ya zauna. Babu tabo, babu ƙurji, babu ko layi ɗaya a goshi. Sau biyu ina gaishe shi.

"Kada ki damu, Hajiya, matata ma da muryata take gane ni," ya ce. "Shekara talatin ina wannan aiki. Duk marubucin da lokaci ya ƙure masa, ni yake kallo. Gemuna yana cikin wani labarin 'yan fashi, tsagar girata tana wurin wani sarkin aljanu. Me ke tafe da ku?"

Na nuna masa bakina, na nuna masa shafi na tara. Ya juya wurin Malam a hankali.

"A gida ka ɗauka?"

"Ranka ya daɗe, kai ka ce in sa musu alama."

"Na ce ka sa, na ce ka ɗauka a gida? Kowa a wannan sana'a ya san tasha ake zuwa. Ka zauna a benci, ka zaɓi matafiyin da motarsa ta kusa tashi, ka ɗauki abin da za ka ɗauka, ya tafi can garinsu ya yi ta mamaki shi kaɗai. Abin da ya sa nake cewa ku riƙa zuwa ofis kuna shan shayi da 'yan'uwanku ke nan. Da ka ji."

Na ce, "To ya ji yanzu. A dawo min da abata. A kashe matar nan a fitowa mai zuwa."

Editan ya dafe ƙirji. Ya sunkuya ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin tebur, ya zazzage shi a gabana. Wasiƙu ne.

"Kwana biyu kacal, Hajiya. Duk a kan wushiryar ne. Wannan ya ce zai aure ta. Wannan ta ce ta sa wa jaririyarta sunanta. Wannan wani tsoho ne, ya ce tun da matarsa ta rasu bai yi barci mai daɗi ba sai shekaranjiya. In na kashe ta, ni da ofishin nan za a haɗa a ƙona."

"Uwata ba ta cin abinci," na ce. "Kwana uku ke nan."

Na faɗa masa komai, har da kujerar da ke fuskantar ƙofa. Ban sani ba ko ya ji tausayi, domin fuskarsa ba ta da wurin da tausayi zai tsaya. Amma ya ɗauke takalmin daga kan takardu ya sa a ƙafarsa.

"Ba sai ta mutu ba," ya ce. "In ta rasa abin a cikin labari, zai koma wurin mai shi. Sai dai abu biyu. Na ɗaya, fitowa biyu sun riga sun tafi maɗaba'a, ko ni ban isa in taɓa su ba, sai ta uku. Na biyu, ba a cire wa jaruma alama a bar ta haka fayau. Za ta ɓace wa masu karatu a hanya. Sai an musanya da wani abin da ya kai shi. Me kuke da shi?"

Ya kalle ni daga goshi zuwa haɓa. Na ce kada ya soma. Sai ya juya ya kalli Malam, ni ma na juya.

Mijina ba kyakkyawa ba ne, ba kuma mummuna ba. Abu ɗaya Allah Ya ba shi a kai wanda ba a mantawa, kunnuwa. Manya ne, a buɗe, kamar ƙofofin mota da aka manta ba a rufe ba. Shekara goma sha biyar ina tsokanarsa da su. Abin da ban taɓa gaya masa ba shi ne, su na fara gani. A cikin bas ne, yana zaune a gabana, rana ta bugo ta gilashi ta ratsa kunnuwan nan suka yi ja kamar an kunna fitila a cikinsu. Na yi ta dariya ni kaɗai har na wuce inda zan sauka. Ina son kunnuwan nan, kuma a ofishin nan na gane ko nawa nake son su.

Malam ya shafa su da hannu biyu.

"A ɗauka," ya ce.

"Alƙaliya da waɗannan?" in ji edita. Ya karkata kai yana aunawa. "Ai kuwa. Kullum tana cikin hular alƙalai, ba wanda ya taɓa ganin kunnenta. Ta je wurin likita a rufe wushiryar, ta cire hula, sai ga su. Masu karatu za su ce shi ya sa ba a iya yi mata ƙarya. Rubuta, Malam. Kuma kada ka ƙara musu gishiri, sun ji haka."

A nan ofishin ya rubuta, a tsaye, a kan firjin da masu gyara suka hau da shi suka manta.

Kwana goma sha tara muka jira. Ba na son tuna su, amma zan faɗi abin da na sani da hannuna. Ni nake yi wa Mama ɗinki, na san awonta da ka. A sati na farko na rage mata riga inci ɗaya da rabi a kowane gefe. A sati na biyu na sake ragewa. Likita ya zo ya sa mata ruwa, ta bari saboda ta ɗauka shi ma daga kamfanin lantarki yake, amma ya ce ruwa ba abinci ba ne, kuma hawan jininta yana son maganinsa. Kullum in na shiga sai ta ce in yi dariya, in yi, ta ce, "Har yanzu ba ta dawo ba, baiwar Allah. Ba ta saba daɗewa haka ba." Wata rana ta kama hannuna ta ce in na gamu da Auta a hanya in ce mata ba ta yi fushi ba, ta dawo kawai.

A waɗannan kwanaki ban yi wa Malam magana ba sai ta dole. Shi ma ya daina zama bakin taga. Ya sa labule.

Litinin ta uku, tun da sassafe ya fita ya tsaya a bakin titi yana jiran motar da ke raba mujallu. Ni ina gaban madubin gwaji, da allura a hannu. Wajen ƙarfe takwas na ji wani ɗan ƙas a bakina, kamar an ɓalle maɓalli. Iska ta shiga. Na yage baki, ga wushirya ta dawo. Na kai allura na saƙale, sai ta wuce ta ciki ta faɗo kan harshena.

Malam ya shigo da gudu da mujalla a hannu. Kunnuwansa sun kwanta luf a jikin kansa, ƙanana, masu ladabi, irin na kowa. Tabaransa ya zamo ya tsaya a kan hanci. Ya kai hannu ya maƙala fensirinsa inda ya saba, fensirin ya faɗo ya gangaro har gaban ƙafata. Na ɗauka. Ban san abin da ya sa ba, na kai shi baki. Ya shiga tsakanin haƙorana, na murza shi, ya juya.

Muka kalli juna. Ashe duk mun manta da mai aski.

"Ba tawa ba ce wannan," na ce.

"Zan gyara," ya ce da sauri. "Wallahi zan gyara. In sake ɗaukar ta in sa wa wata, wannan karon in rubuta ta daidai, siririya, wurin allura ɗaya. Sannan a cire mata, ta dawo miki yadda take."

"Sati nawa?"

Ya lissafa da yatsu. "Uku kafin ta fito. Sai masu karatu sun saba da ita, edita ba zai yarda a cire nan take ba. A ce shida. Ko bakwai."

"Kuma a cikinsu akwai satin da bakina zai koma a rufe."

"Uku ko huɗu."

Na shiga kicin na dafa shayi, na soya ƙwai, na yanka burodi, na ɗauki ƙwayoyin magani biyu.

Mama tana kan kujerarta, fuskarta a ƙofa. Rigar da na rage sau biyu tana yi mata yawa a kafaɗa.

"Wace ce? Yi dariya in gani."

Na yi.

Ta ƙanƙance ido. Sai idon ya buɗe gaba ɗaya. Ta sauke ƙafafunta daga kan kujera ta haɗe su, ta ja zani ta rufe gwiwa, kamar yarinyar da aka kama tana zaman da bai dace ba.

"Inna?" ta ce. "Inna, yaushe kika zo?"

Na ji Malam ya tsaya a bayana a bakin ƙofa. Na san in na ce mata ni ce Auta, za ta ce kowa da tasa lalurar. Na ja kujera na zauna a gabanta.

"Yanzun nan," na ce. "Me nake ji, wai ba kya cin abinci?"

"Ba haka ba ne, Inna. Baƙi ne suka cika gidan."

"To ga ni. Buɗe baki."

Ta buɗe. Ta cinye ƙwan, ta cinye burodin, ta shanye shayin har tana ɗaga kofi. Na ba ta magani ta haɗiye ba musu, abin da ko a da sai na yi lallashi. Ta leƙa bayana ta ga Malam, ta rage murya ta ce, "An canja mai mita. Wancan ya fi fara'a." Na ji Malam ya yi wani sauti, ban sani ba dariya ce ko kuka, ya koma ɗakinsa.

Ina goge mata baki ta kama gefen mayafina.

"Inna, ba ki ga Auta a hanya ba? 'Yata ce, ƙaramar. Ba ki san ta ba, tana da irin taki amma 'yar siririya. Ta fita tun tuni ba ta dawo ba."

Na daɗe ina ninke tsumman da ke hannuna.

"Na gan ta," na ce. "Tana lafiya. Ta ce ki riƙa cin abinci kafin ta iso."

"To," in ji Mama. Ta saki mayafin, ta mayar da fuskarta ƙofa.

Da yamma Malam ya zo ya tsaya kusa da keken ɗinki da takarda a hannu, ya ce ya tsara yadda za a yi, in na yarda gobe zai tura. Na karɓi takardar, na ninke ta huɗu, na sa a ƙarƙashin ƙafar keken da ke girgiɗi. Na ce masa daga yau tasha zai riƙa zuwa kamar kowa, kuma in ya kuskura ya sake kallon bakina da idon aiki, sai na ɗinke masa nasa.

Yanzu a gefen riga nake soke allura, kuma in na ce "sannu" sai wani ɗan fito ya biyo baya, mata suna ta dariya a shago. Wata biyu ke nan. Na saki rigar Mama inci ɗaya, jiya na ƙara rabi. Sau uku a rana nake shiga da kwano, ta ce in yi dariya, in yi, ta gyara zama ta ci. In ta gama sai ta tambaye ni ko na ga Auta, in ce na gan ta, tana hanya.